Lodin itacen girki a tsohuwar a-kori-kura

Tsohuwar a-kori-kura ba ta cika ƙin kaya ba. Ko an lafta mata ninki biyu na abin da aka ƙera ta domin ta ɗauka, idan aka sa giya ta ɗaya aka ba ta wuta za ta yi nishi ta tashi, kuma wannan haƙurin nata shi ne yake ruɗin yawancin masu jigilar itacen girki, domin sun ɗauka cewa duk abin da mota ta iya tashi da shi, to ta iya ɗaukarsa ke nan. Ni ma ina cikin wannan sana'a, ina kai wa masu gidajen burodi da masu abincin sayarwa itace da wata tsohuwar Peugeot 504, kuma na daɗe da sakankancewa cewa tashi da kaya shi ne mafi sauƙin aikin da mota take yi. Aiki mai wuya shi ne ta tsaya a daidai inda direba ya so ta tsaya, ta karya kwana ba tare da kayan sun rinjaye ta ba, tayoyinta kuma su jure zafin kwalta har a sauka. A waɗannan wurare uku ake asarar rai da dukiya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake iya ganewa a wurin lodi, lokacin da motar take tsaye kowa yana yaba ƙarfinta.

Ya kamata mu tuna da shekarun motocin da muke magana a kansu. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma an daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, wato ƙaramar cikinsu a yau ta doshi shekara ashirin tana aiki, da yawa kuwa sun haura talatin. Tsofaffin Hilux da ake shigowa da su daga waje su ma sai da suka gama wata rayuwa a can kafin su fara ta nan. Irin waɗannan motoci an ƙera su ne su ɗauki kimanin tan ɗaya, wasu ɗan sama da haka, wasu ɗan ƙasa, kuma wannan lissafi an yi shi ne ranar da motar ta fito fil daga kamfani, da sabon sifirin, da sabon birki, da shasin da tsatsa bai taɓa ba. Sannan tan ɗayan nan ba na itace kaɗai ba ne. Direba yana ciki, yaron mota yana ciki, haka masu lodin da za a rage wa hanya, da jarkar ruwa, da jak, da gatura, da kuma ƙarafan da mai walda ya ɗora a gefen bodi domin a samu damar tula kaya sama. Kafin a jefa faskare ko ɗaya, mai yiwuwa an riga an cinye kilo 200 zuwa 300 daga cikin abin da motar za ta ɗauka.

Babbar matsalar itace ita ce da ido ake auna shi. Bodin a-kori-kura yana da tsawon kimanin mita 2 da faɗin kimanin mita ɗaya da rabi. Busasshen faskaren itace mai ƙarfi, idan an jera shi tsaf babu manyan kafofi, tulin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi yakan kai rabin tan. Idan aka kafa sanduna a gefe aka tula shi har tsayin mita ɗaya da rabi, kamar yadda muke gani kullum a hanyoyin shiga Kano da Zariya da Kaduna, an ɗora wa motar fiye da tan biyu, nauyin buhun siminti 45 ko makamancin haka. Babu direban da yake cikin hankalinsa da zai yarda a zuba masa buhun siminti 45 a 504, domin siminti ana ƙirga shi, kowa ya san buhu kilo 50 ne, ana kaiwa ashirin zai ɗaga hannu ya ce ya isa. Amma direban nan shi ne zai tsaya yana kallo ana miƙa itace sama, yana cewa a ƙara tunda akwai sauran wuri. Tan ɗaya na irin wannan itace da kaɗan yake wuce bakin bodi, kuma ganin mota da kaya iya nan yakan sa mai ita ya ji kamar ya yi zuwan banza.

Itace kuma ba ɗaya ba ne. Marke da ƙirya da bagaruwa da kanya suna da nauyi ƙwarai, kuma su ne masu gidan burodi da masu tsire suka fi nema saboda garwashinsu yana daɗewa, alhali geza da sabara da rassan darbejiya ba su kai su ba ko kusa, ga su a karkace, suna barin kafofi da yawa idan an jera su. Mota biyu za su fito daga wuri ɗaya da tuli mai tsayi ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya a nauyi. Bayan nau'in itace sai ruwan da ke cikinsa. Ɗanyen itacen da aka sare kwanan nan, kashi ɗaya bisa uku har zuwa rabin nauyinsa ruwa ne, shi kuwa wanda ya sha hunturu da bazara a tule ruwansa yakan sauko zuwa kashi ɗaya bisa biyar ko ƙasa da haka. Wanda ya ɗauko ɗanye ya ƙona man fetur wajen jigilar ruwa zuwa birni, sannan mai saye ya yi masa ƙorafin hayaƙi. Shi ya sa nake ganin duk wanda yake da wurin ajiya a ƙauye, gara ya sayi itacen ya bar shi can ya bushe, ya kwaso daga baya. Da damina kuwa, ko itacen ya taɓa bushewa, idan ya kwana biyu yana shan ruwan sama dole a rage tsayin lodi.

Tunda babu sikelin auna mota a bakin daji, dole mutum ya yi wa kansa ma'auni, kuma abin ba shi da wuya. A samu rana a ɗora wa motar kaya da aka san nauyinsu, kamar siminti, adadin da ya yi daidai da abin da take ɗauka bayan an cire nauyin mutane da kayan aiki, a jera su yadda ake jera itace, a tsayar da ita a wuri mai daidai. Sai a auna tazarar da ta rage tsakanin saman tayar baya da bakin madigadi, a yanke kara daidai wannan tsawo a ajiye shi a bayan kujera. Daga ranar, duk lokacin da ake lodi, da zarar karan ya daina shiga an kai iyaka, ko da bodi bai cika ba. A leƙa ƙarƙashi kuma a ga robar nan da ke tsakanin aksil da shasi, wadda aka sa domin ta tare duka idan an faɗa rami. Idan mota tana tsaye amma aksil ya riga ya zauna a kan robar, to sifirin ya gama aikinsa, kuma kowane rami da za a shiga shasi da boris da taya ne za su sha dukansa kai tsaye.

A nan ne makanikai suke kawo maganin da kowa ya sani, wato ƙarin ganyen sifirin, har ka ga motar da ta fito da ganye kaɗan ta koma da tuli guda a kowane gefe. Ba na cewa kada a sauya sifirin da ya gaji, domin wanda ya kwanta ko ya tsage sauya shi wajibi ne. Abin da nake ƙi shi ne tunanin cewa ƙarin ganye ya ƙara wa motar ƙarfin ɗauka. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye alamar da take nuna an yi mata yawa. Birki bai ƙaru ba, aksil bai yi kauri ba, boris na nan yadda yake, taya ma haka. Akwai kuma wata illa da ba kowa yake lura da ita ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da wani bawul a kusa da aksil na baya, haɗe da ɗan ƙarfe ko sifirin, wanda yake ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon yadda gindin motar ya zauna. Idan aka cika ganye har gindin ya daina zama, bawul ɗin zai ci gaba da aiki kamar babu kaya, sai birkin gaba ya ɗauki mafi yawan wahalar tsayar da tan uku shi kaɗai. A wasu motocin ma bawul ɗin ya daɗe da cijewa saboda tsatsa, ko wani ya cire shi ya yi haɗin kai tsaye, mai motar bai ma san an taɓa yin sa ba.

Idan aka tambaye ni inda ya fi dacewa mai a-kori-kura ya zuba kuɗinsa, zan ce taya, kafin fenti, kafin injin ma. Kowace taya tana ɗauke da lambar nauyin da za ta iya ɗauka, a rubuce a jikinta bayan lambar girma. Lamba 88, wadda ake yawan gani a tayar ƙananan motoci mai rim 14, tana nufin kilo 560. Lamba 102 kilo 850 ce, 106 kuma kilo 950, kuma waɗannan biyun ana samun su ne a tayoyin motocin kaya, masu harafin C a ƙarshen lambar girmansu, kamar 185R14C da 195R14C. Tayoyin baya guda biyu masu lamba 88 iyakarsu kilo 1,120 a haɗe, alhali gindin motar kansa, ba tare da kaya ba, ya riga ya ɗora musu kusan rabin wannan. Duk wanda ya sa tayar tasi a bayan a-kori-kura saboda ta fi araha, kuma ta shiga rim daidai, ya mayar da motarsa mai ɗaukar rabin tan ba tare da ya sani ba. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi tayar, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu daga wannan rana a matsayin wa'adin taya, kuma da yawa daga tayoyin gwanjo da ake sayarwa sun wuce wa'adin tun kafin su iso kasuwa, duk da cewa zanensu yana da kyau a ido.

Maganar iska ita ma tana da ruɗani a tsakanin direbobi. Nauyin da aka rubuta a jikin taya ba ta ɗaukarsa sai an ba ta iskar da aka rubuta tare da shi, wanda a tayar kaya mai alamar 8PR yakan kasance awo 65 a ma'aunin masu faci, ya kusan ninka na ƙaramar mota. Amma da bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, sai ka ji direba yana cewa a rage masa iska kada tayar ta fashe. Wannan baya da baya ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsin shi yake haifar da zafi a cikinta har zaren ya rabu da roba, sannan ta tarwatse. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, kada kuma a sace iskar tayar da ta yi zafi a hanya don an ga awon ya hau, domin hawan nan an riga an yi lissafinsa tun a wurin ƙira. Safaya ma a ba ta iskar kaya, ba ta ƙaramar mota ba.

Daga taya sai abin da yake riƙe da ita. A ƙananan motocin kaya, sandar ƙarfen da take juya tayar baya ita ce kuma take ɗauke da nauyi, a kan boris guda a bakin aksil. Idan boris ɗin ya ci wahala ya watse, tayar takan fita gaba ɗaya tare da sandarta da gangar birkinta, kuma wanda ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa a gefe ɗaya, tayarta can cikin gona, ya ga ƙarshen wannan labari. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: gurnani daga baya wanda yake ƙaruwa da gudu, da man giya da yake tsattsafowa ta bayan rim, da zafin da ya fi na ɗaya gefen idan an kai hannu kusa bayan tafiya. Man da ya tsattsafo ɗin nan kuma yakan jiƙa takalman birki ya kashe birkin wannan ƙafa. Shasi kuwa a duba shi a inda sifirin yake rataye da kuma tsakanin kan mota da bodi, domin a nan yake fara tsagewa. Notocin da suka ɗaure sifirin a jikin aksil da notocin taya a riƙa bin su da sifana a kai a kai.

Yadda aka jera itacen yana da tasiri kamar yawansa. Gungume da manyan faskare su ne a ƙasa kuma a gaba, jingine da bangon da ke bayan direba, ƙanana da rassa su hau sama su koma baya. Tsakanin tayoyin gaba da na baya na irin waɗannan motoci akwai kimanin mita 3, saboda haka kilo 300 da aka ajiye mita ɗaya a bayan aksil, a kan ƙofar bodi da aka kwantar, yana ɗage kilo 100 daga tayoyin gaba, ya ɗora kilo 400 a kan na baya. Wannan ne dalilin da ya sa sitiyarin motar da aka yi wa lodin baya yake yin sakayau a hannu, direba ya juya amma motar ta ci gaba da miƙewa, musamman a kan burji ko kwalta mai yashi. Da dare kuma hancin da ya ɗaga yakan sa fitilu su bar titi su shiga idon mai tahowa. Hagu da dama ma sai an daidaita, kuma masu lodi sun fi cika gefen da suke tsaye, don haka sai direba ya koma baya da nisa ya kalli motar da kansa. Tsayi kuwa kada ya wuce kan mota. Titunanmu gefensu a zaizaye yake, kuma mota mai dogon tuli idan tayarta ɗaya ta sauka daga kwalta ana ƙoƙarin kauce wa tirela, kayan ne suke jan ta su kwantar.

Ɗauri shi ne wurin da aka fi yin sakaci, saboda an ɗauka nauyin itace zai riƙe shi. A ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai, ana so ɗauri da bango su iya tare ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya, domin abin da birki mai ƙarfi da kwana suke jawowa ke nan. Idan muka gwada wannan da tsohuwar igiya guda ko robar tib da aka yanka, za mu ga nisan da ke tsakani. Robar tib tana miƙewa, ba ta tare komai, iyakarta ta hana ƙananan rassa tashi. Bel mai ƙugiya ko igiya mai kauri wadda ba ta ci rana ba, aƙalla biyu a gicciye, a ɗaure a jikin ƙarfen bodi mai ƙwari, shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi. Gilashin da ke bayan kan direba lallai a kare shi da raga ta ƙarfe ko katako mai kauri, domin faskare guda da ya zame a lokacin birki ya isa ya fasa gilashi ya samu ƙeya. Itace kuma yana zama idan ya sha gargada, ɗaurin da ya yi tsauri a daji sai ya saki, saboda haka da an hau kwalta a tsaya a sake ja. Duk abin da ya leƙo ta baya a ɗaura masa jan ƙyalle.

Mutane a saman itace kuwa ba ni da sassauci a kansa. Na san dalilin da ya sa ake yi, masu lodi suna son komawa gari, ƙauyen babu mota, kuma hana mutum hawa yana da nauyi a fuska. Amma wanda yake zaune a kan tulin da ba shi da abin kamawa, birki ɗaya ko rami ɗaya ne tsakaninsa da kwalta, ga shi ya ƙara nauyi a wurin da ya fi ko'ina haɗari, wato can sama. Gara na biya masa kuɗin babur. Su masu lodin ma suna da nasu haɗarin tun a ƙasa, domin tulin itacen da ya daɗe a daji maɓoyar kunama ce da kububuwa, don haka a fara ture shi da sanda kafin a zura hannu, a kuma sa takalmi mai rufi.

A kan hanya, lissafin da ya kamata direba ya riƙe shi ne cewa ninka nauyi yana ninka aikin birki sau biyu, amma ninka gudu yana ninka shi sau huɗu. Ko daga kilomita 60 zuwa 80 a awa aikin ya kusa ninkuwa. Duk wannan aikin zafi yake zama a cikin birki, kuma gangar birkin baya idan ta yi zafi takan buɗe, takalman su daina kamawa sosai. Man birki yana shan danshin iska a hankali: nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya daɗe ya sha danshi yakan sauko kusa da 140, kuma da zarar ya tafasa sai ƙafa ta nutse har ƙasa babu komai. Masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki su tuna cewa ruwa a digiri 100 yake tafasa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, ko ƙananan gangaren da ke saukowa gada, giyar da aka hau da ita da ita ake sauka, a bar injin ya riƙe motar, birki kuwa a taka da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, maimakon a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Al'adar sakin mota a firi don tsimin mai, wasu har da kashe injin, ita ce mafi munin abin da za a yi da mota mai kaya, domin kashe injin yana ɗauke taimakon da yake bai wa birki, bayan taku biyu ko uku feda ta zama dutse.

Lalacewa a hanya da kaya a kai tana da nata tsarin. Jak ɗin da ya zo da motar an yi shi ne don nauyinta na ƙa'ida, kuma gefen titi ƙasa ce mai laushi, don haka ina tafiya da jak mai mai, da guntun katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai, da weji biyu. Idan tayar baya ce ta fashe kuma lodin ya yi yawa, sauke wani ɓangare kafin a ɗaga shi ne daidai, duk da ɓacin lokaci, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Ganyen da muke zubawa a titi ba a ganinsa da dare, alamar gargaɗi mai ƙyalli ita ce ake hangowa, a ajiye ta da nisa ta baya. Takardar izinin ma'aikatan gandun daji da takardun mota su ma suna cikin kayan tsaro a wurina, domin direban da ba shi da su shi ne yake fita cikin dare, yana bin ɓarauniyar hanya, yana gudu don ya wuce shinge, a daidai yanayin da motarsa ba ta iya tsayawa.

Na san amsar da abokan sana'a za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sawu ya ninka ya sake ninkawa, itace yana ƙara nisa da gari kowace shekara, wasu dazuzzukan ba sa shiguwa saboda 'yan bindiga, iskar gas kuma ta yi tsada har gidaje da dama sun koma murhu. Mutumin da ya ƙona mai ya yi tafiyar awa uku ba zai so ya dawo da rabin abin da maƙwabcinsa ya dawo da shi ba. Sai dai lissafin sawu ɗaya ba shi ne lissafin shekara ba. Mota mai lodin wuce kima tana shan mai fiye da kima, tana cin kuloci a yashi da hawa, tana fasa tayar da kuɗinta ya fi ribar sawu da dama, tana karya sifirin, sannan ta kwana a gareji ana biyan makanike alhali masu saye sun koma wurin wani. Wannan duk idan abin ya tsaya a kan ƙarfe ke nan, bai kai ga asibiti ko diyya ba.

Tushen abin, a ganina, yana wurin ciniki. Muddin ana sayar da itace da sunan mota guda, mai saye zai riƙa duban tsayin tuli, direba kuma zai riƙa tulawa don kada a ce motarsa ba ta cika ba. A Jamhuriyar Nijar, tun farkon shekarun 1990 aka kafa kasuwannin itace na karkara, inda mutanen ƙauye suke kula da dajinsu suna sayar da itace da ma'aunin sitar, wato tuli mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, kuma a kan wannan ma'auni ake biyan haraji ana rubuta takardar jigila. Ba sai hukuma ta kafa mana irin wannan ba kafin mu ari ma'aunin. Na yi magana da masu gidajen burodin da nake kai wa, muka kafa turaku huɗu a jikin bangon kowane gida, mita ɗaya tsakaninsu, aka yi alama a tsayin mita ɗaya. A nan ake jera abin da na kawo, kuɗi kuma a kan tuli ake yanke shi, marke da farashinsa, gauraye da nasa, busasshe ya fi ɗanye tsada. Biyu daga cikinsu da farko sun yi gardama, suna ganin dabara ce ta rage musu kaya, amma da suka ga sun daina biyan kuɗin kafofi da ruwa sai suka bar maganar. Idan marke ne zalla tuli biyu nake ɗaukowa, idan geza ce da rassa sai in kai uku.